Ƙusa Biyu a Shantun Kaka Dije

Na doshi tamanin, kuma ana cewa tsufa na sanyaya zuciya. Ni dai tawa bai sanyaya ta ba. Akwai abin da ya faru a Dakoro ina ƴar shekara goma, saura kaɗan Faransawa su naɗe tutarsu su tafi, wanda har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Sai in rasa wa zan fara zagi: malamin lekol ɗinmu, wato makarantar boko, ko matar kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ko kakata, ko ni kaina. Galibi da kaina nake farawa.

Gidanmu yana bakin gari ne, wajen hanyar Kornaka. Da damina, in an ci tuwon hatsi an sallaci isha'i, Kaka Dije, uwar babana, sai ta hura wuta kusa da turken awaki. Ba wutar jin ɗumi ba ce, ta korar sauro ce: busasshen kashin shanu a ƙasa, ɗanyen ganye a sama, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Mu jikokinta da ƴan matan maƙwabta sai mu kewaye ta muna tari muna share hawaye, amma ba mai tashi. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga baƙuwa ta taho, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta zamna, Kaka, wurin nata na."

Kowace tsohuwa a unguwarmu ta iya tatsuniya. Abin da ke sa yarinya ta tsallake gida uku ta zo namu shi ne shantun Kaka. Dogon duma ne da aka rarake, kansa a buɗe gindinsa a buɗe, ya yi ja saboda man hannu na shekara da shekaru, an yi masa zane da wuƙa mai zafi tun daga wuya har ƙasa. Uwarta ce ta sauko da shi daga arewa a goye, shekarar da yunwa ta kore su. Kaka takan buga gindinsa a cinyarta, tana rufe bakinsa da tafin hannu tana buɗewa, zobbanta na ƙwanƙwasa gefensa. Muryarsa a ciki ake jin ta kafin ta iso kunne. In ta gama sai ta naɗe shi a tsohon zane ta soke shi a rufin ɗaki, don kayan mata ne, kuma ko babana bai taɓa ganinsa da rana ba.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba a yin ta sai da shi. Labarin wata mata ne da fari ya raba ta da garinsu, ita da akuya guda, tana bin rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Kowace rijiya ta iso sai ta yi mata waƙa, rijiyar ta ba da ruwa ko ta hana. Kaka ke ba da waƙar, mu muke amshi: "Ƙara igiya, Iya, guga bai taɓa ba." Amshin kaɗai muka iya. Baitukan nata ne, dogaye, masu gudu, cikin tsohuwar Hausa mai gauraye da kalmomin Buzaye da ta gada a wurin uwarta. Na roƙe ta ta koya mini har bakina ya gaji. Kullum amsarta ɗaya ce.

"Rabi mai kunnen ƙashi, bari hannunki shi girma shi iya ruhe bakin shantu tukuna. Waƙag ga ba ta tahiya sai da shantu. Gaugawam mi kike?"

Ni kaɗai ce aka sa lekol a gidanmu. An ce mai unguwa ya kawo yara, babana ya duba ya ga yayyena maza suna da amfani a gona, sai ya miƙa ni. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, wato malam da Faransanci, mutumin can bakin teku ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Ba mugu ba ne, kuma wannan ma haushi yake ba ni, don da mugu ne da zaginsa ya zo mini da sauƙi.

A shekarar da nake faɗa, ana gab da sallamarmu bakansi, wato babban hutun damina, matar kumandan ta ce a yi feti a filin lekol. Za a yi kiɗa da waƙa, yara su yi wasan kwaikwayo, a baje aikin hannu, iyaye su zo su kalla. Ku dubi lokacin da matar nan ta zaɓa! Ruwa ya sauka, hatsi ya tsiro, ciyawa na tsere da shi, ko makaho ya san hannun da ba ya kan hauya a wannan makon ya ci amanar rumbu. Amma gardi, ɗan sandan kumandan, ya bi gida gida da bulalarsa a hammata, ya ce kowane gida mai ɗan lekol sai ya fito, manya da yara. Babana ya dawo gona ya ji, sai ya ce wa mahaifiyata ta wanke masa riga.

Mushe ya ce kowane ɗalibi ya kawo wani abin da aka yi da hannu a gidansu, a nuna a mayar. Wanda nasa ya fi kyau, Madam, matar kumandan, da kanta za ta ba shi kyauta a gaban jama'a. Wasu suka ce za su kawo faifai, wasu tabarma, ɗan maƙeri ya ce wuƙa. Ni kuwa kaina ya kumbura, na san a gidanmu akwai abin da duk Dakoro ba kamarsa. Na je na sami Kaka tana tsinke zogale.

Ko kallona ba ta yi ba. "Shantu ba shi hita rana, ba shi shiga taron maza. Ɗauki ludayi ki kai masu."

Ranar feti da sassafe ta fita kai awaki bakin tafki. Na taka turmi, na zaro shantun daga rufin ɗaki, na ɓoye shi cikin zanena, na ruga lekol. Ba wanda ya sa ni. Na faɗi haka tun yanzu don kada wani ya ce na wanke kaina. Mushe ya karɓa ya jujjuya shi, ya leƙa ta wannan kai ya hango ni ta wancan, ya yi dariya ya ce ya yi kyau ƙwarai. Sai ya tura mu bayan aji mu maimaita waƙar Faransanci da za mu rera. Muna can ina jin bugun guduma daga cikin aji, ban kawo komai a raina ba.

Da hantsi fili ya cika. Kumandan da Madam suna kan kujeru a inuwar rumfa, iyayenmu suna ƙasa a rana. Makaɗan gari suka yi kiɗa, Madam ta sa aka kunna garmahonta mai faifan waƙa don mutanenmu su ji irin kiɗan Turawa, muka rera waƙarmu wadda ko uwa ɗaya ba ta ji kalma ɗaya a ciki ba. Sannan manyan ɗalibai suka fito da wani faffaɗan katako daga aji suka jingine shi a bango. Duk kayan da muka kawo suna jikinsa. Don kada su faɗo, Mushe ya kafe kowanne da ƙusa. Faifai ba ya jin ƙusa, tabarma ba ta jin ƙusa. Shantun Kaka yana tsakiya, a gicciye, ƙusa ɗaya a wuya, ɗaya a ciki. A ƙarƙashinsa an manna takarda da rubutun Mushe mai kyau, kuma ni na iya karatu, na karanta: mazubin nono. Abin da ke buɗe sama da ƙasa, wai mazubin nono! Mutumin da ke koya mana lissafi ke nan.

Shi ya ci kyautar. Aka kira sunana, aka tafa, Madam ta shafa kaina ta miƙo mini ɗan littafi mai hotunan jiragen ruwa. Ina juyowa na ga Kaka ta miƙe daga cikin mata. Ta ratso tsakiyar fili da sandarta, ba sauri ba nawa. Gardi ya tare ta, ta zagaye shi kamar kututture. Ta tsaya gaban katakon ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo wurin Mushe.

"Kai ɗan nan, wa yac ce maka abin kallo na?"

Mushe ya ce, "Mama, mene ne shi?"

"Baki garai. Magana shikai. Hidda mani ƙarhunan ga."

Na ga fuskar Mushe ta canja, a lokacin ya gane. Ya ɗauko guduma da kansa, ya fara zare ƙusar wuya. Ta fito lafiya. Ta cikin ce ta ƙi, da ya ja da ƙarfi sai muka ji ɗan ƙara, tsaga ta bi zanen ta gangara kusan taƙi guda. Madam ta tambayi abin da ke faruwa, mai fassara ya gaya mata abin kiɗa ne na mata. Sai ta tafa hannu don murna, ta ce ai kuwa sai tsohuwa ta kaɗa musu su ji.

Kaka ta dubi mai fassara. "Ce mata ta kashe shi. Ce mata in tana son kiɗa ta tona kabarin uwatta ta buga ma ƙasusuwan ƙusa, ta ji ko suna waƙa."

Mutanenmu suka sunkuyar da kai. Mai fassara ya juya ya faɗi kalmomi huɗu ko biyar da Faransanci, Madam ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Ni na ji abin da ya ce. Ya ce tsohuwa ta gode, amma kunya take ji. Ko zaginta ba a bari ya isa inda ta aike shi ba. Kaka ta kwance mayafinta ta naɗe shantun, ta goya shi a baya, ta bi hanyar gida ita kaɗai.

Na so a dake ni a ranar. Na yi ta gilmawa gaban babana, na yi ta gilmawa gaban mahaifiyata, ba wanda ya ɗaga hannu. Bayan isha'i Kaka ta hura wutarta kamar kullum, yara suka taru. Ta warware shantun ta buga shi a cinya sau ɗaya. Ya ce fat, kamar an yar da jiƙaƙƙen takalmi. Ta ajiye shi gefe. Ba ta ce baƙuwa ta taho ba, ta dai fara, kuma tatsuniyar da ta yi ba wanda ya taɓa jin ta.

Wai an yi wata mata mai murya, in ta yi waƙa har shanu barin kiwo suke su saurara. Don kada rana ta busar mata da muryar, in za ta gona sai ta zuba ta a gora ta toshe, ta bar wa ɗiyarta tsaro. Rannan hankaka ya sauka a kan danga, ya yaba wa yarinyar wayo, ya yaba mata kyau, ya ce ta ara masa goran ya gani kawai. Ta ba shi. Hankaka ya ji abu na waƙa a ciki, ya juya goran ya juya bai ga mai waƙar ba, sai ya sa baki ya huda don ya leƙa. Muryar ta tsiyaye ta bi iska. Uwar ta dawo ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Yarinyar ta shiga daji tana tsintar muryar uwarta: ta sami kaɗan a cikin gamba, kaɗan a bakin rijiya, kaɗan a wuyan kurciya. Ta shekara tana tarawa. Abin da ta kawo ya ishi uwar kiran awaki da amsa sallama, amma bai kai na waƙa ba.

Wata ƴar maƙwabta ta ce, "Kaka, ina amshin?"

"Wagga ba ta da amshi. Ku tashi, hayaƙi ya mutu."

Duk yaran suka juyo suna kallona. Da bulala ce da ta fi mini sauƙi, don bulala kwana biyu take ta warke.

Babana ya kai shantun wurin gyartai ranar kasuwa. Aka ɗinke tsagar, aka toshe ramukan da ƙaro. Shantun ya dawo yana zuza kamar ƙuda a cikin tulu. Mushe da kansa ya zo ƙofar gidanmu, ya cire hula, ya ba da haƙuri, Kaka ta aika masa da fura ta ce ta yafe, amma ba ta fito ba. Da lokacin girbi ya yi, gwaggona ta kawo sabon shantu daga garin Mai Yara, dogo, lafiyayye. Kaka ta buga shi sau biyu ta miƙa mata abinta. "Muryar jariri garai. Ba ni yi ma rijiyoyin uwata waƙa da shi." Ta ci gaba da yi mana tatsuniyoyi, na kura da na ƴan mata masu zuwa itace, amma ta mata mai akuya ba ta sake fitowa daga bakinta ba. Na durƙusa, na yi kuka, na ce ta faɗa mini baitukan ko ba kiɗa, zan rubuta a littafin lekol. Jin kalmar rubutu sai ta tofar da yawu. Damina uku bayan haka ta rasu da waƙarta a ciki.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar hankaka yadda ta so in ɗauke ta. Ni ce yarinyar, Mushe ne hankaka, darasin kuwa kada ka ba da aron abin da ba naka ba, kuma ka kiyayi mai yabonka. Gaskiya ne, na karɓa. Na kuma ƙara nawa da na girma: mutanen nan da suka mulke mu ba sa yarda abu na da rai sai sun kafe shi a bango sun rubuta masa suna, ko da sunan ƙarya ne. Wannan fushin ya ishe ni shekara talatin. Sai da na haifi nawa, na yi jikoki, sannan wata tambaya ta fara hana ni sukuni. Ita matar cikin tatsuniyar fa? Wa ya aike ta ta zuba muryarta a gora? Ga ɗiyarta a gabanta, mai kunne, mai baki. Da a cikin yarinyar ta zuba, hankaka ya zo ya huda mu gani. Kaka ta yi tatsuniyar don ta hukunta ni, ba ta lura ta ba da shaida a kan kanta ba. Na yi laifi na kwana ɗaya ina ƴar shekara goma. Ita ta yi taurin kai na shekara uku da furfura a kanta. Allah ya jiƙanta, ina son ta, amma ban huce ba.

Bakansin bara jikata Nana, wadda ke karatu a jami'a a birni, ta zo ta ɗauke ni. Wai suna makon al'adu na hutu, na ɗalibai da malamai da iyalansu. Na je na ga abin da idona. Yara na zane a ƙarƙashin itatuwa, wasu na koyon sassaƙar ƙwarya, samari na gurmi da kalangu, iyaye sun baje tabarmi suna cin gyaɗa, kuma ba gardin da ya koro kowa. Abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Da la'asar sakaliya aka zaunar da ni a tsakiya, wai ni ce kakar tatsuniya. Ashe Nana ta ba su labarin shantu, sai ga wata malama ta kawo mini sabo fil ta ɗora a cinyata. Na ba yaran labarin mata mai akuya da baki, na koya musu amshin, suka ɗauka nan take, muryoyinsu ras. Suka rera, suka yi shiru, suna jiran in ba da baiti. Ina zaune da shantu a cinya, ban iya bugu ɗaya ba, ba ni da cikakken baiti ko ɗaya. Mai riƙe da lasifika ya ga shirun ya yi yawa, ya ce a tafa wa Hajiya. Na ce kada wanda ya tafa, ba a yi komai ba.

Da muka koma ɗakinta Nana ta ga raina a ɓace, ta zauna kusa da ni tana lallashi.

"Kaka, ki yi haƙuri. Abin da ya rage miki ki faɗa, in ɗauka a waya in aje. Nan ba ya ɓata."

Ta ɗago wayar ta saita ta a bakina. Ban san lokacin da na kaɗe hannunta ba, wayar ta faɗa kan katifa.

"Gora! Wani goran kuma za ki kawo mani? Aje ta, ɗiyag ga, buɗe bakinki."

Ta zaro ido, ta ɗauka tsufa ne ya taɓa ni. Na ce ta gyara zama. Na fara da tatsuniyar hankaka, na bi da ta kura, da ta ƴan mata masu zuwa itace, duk abin da ya saura a kaina, har da rabin baiti ɗaya na rijiyar farko da ban tabbata ma daidai nake faɗinsa ba. Kowanne na faɗa sai ta maimaita, in ta yi kuskure mu koma farko. Ta ce tuwo na hucewa, na ce ya huce. Sau bakwai ta maimaita rabin baitin nan kafin na bar ta ta wanke hannu.